Yadda ake gyara sikirin ɗin HMI da tsara tag a injinan masana'anta, mataki-mataki

Tambayar nan ta yi yawa wallahi, musamman daga samarin da suke IT ko suka samu aiki kwanan nan a kamfanonin Sharada da Challawa da Bompai: oga ya ce a ƙara sabon famfo a sikirin, ko a canza sunan wani abu, ko an kawo sabon allon HMI, wato allon da ofareta yake kallo yana sarrafa inji da shi, an ce ka zana shafukansa, to daga ina ake farawa? Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya huta. Misalin da zan yi ta amfani da shi ƙarami ne, irin wanda ake gani a kamfanin ruwa: tanki ɗaya mai tsawon mita 5, famfo biyu, sensa mai auna matakin ruwa, PLC ɗin Siemens S7-1200, wato ƴar kwamfutar da take sarrafa injin, da allon KTP700 Basic. In allon kamfanin Weintek ko Delta ne a wajenku ba matsala, sunayen menu ne kawai za su bambanta, jerin aikin ɗaya ne.

1. Kayan aiki da abin da za ka kashe

Laptop mai Windows da RAM mai kauri, don TIA Portal, manhajar Siemens da ake tsara PLC da allo da ita, jan ƙafa yake yi a ƙaramar kwamfuta, sai kebul ɗin Ethernet, filash, mita wadda take auna miliamfa, in da hali har da ɗan injin nan mai ba da siginal 4-20mA na gwaji. Sai zanen wayarin na fanel da zanen bututu, in babu su to ka ɗauki biro ka zagaya fili ka zana da hannunka kafin ka taɓa komai.

Maganar kuɗi tana kan manhaja ne. EasyBuilder Pro na Weintek kyauta ne, DOPSoft na Delta ma kyauta, shi ya sa ƙananan kamfanoni suke son su. TIA Portal sai da lasisi, akwai gwajin kwana 21, kuma STEP 7 Basic, ɓangarensa na PLC, yana zuwa da WinCC Basic, ɓangaren zanen allo, wanda ya isa a yi allunan Basic, amma ranar da aka kawo maka allon Comfort sai ka nemi lasisin da ya fi wannan. Ignition kuma, wata manhajar zanen sikirin ta kan kwamfuta, zai ba ka awa biyu ka yi gwaji, ta ƙare ka sake kunnawa, ga mai koyo wannan ya wadatar. Abin da mutane suke mantawa shi ne adadin tag ma kuɗi ne, tag kuwa shi ne sunan kowane bayani da allo yake karantawa ko rubutawa a PLC: KTP700 Basic tag 800 yake ɗauka, WinCC na kan kwamfuta kuma lasisinsa hawa-hawa ne, 128, 512, 2048 da sama. Ka ƙirga tag ɗinka kafin a sayi kaya, ba bayan an biya dala an shigo da shi ba.

Gargaɗi: bashan (version) ɗin TIA da aka yi ainihin aikin da shi ka nema. In ka buɗe tsohon aiki da sabon bashan zai ɗaga shi, kuma ba ya komawa baya, mai tsohuwar manhaja ba zai iya buɗe fayil ɗin da aka ɗaga ba.

2. Ɗauki bakap kafin ka taɓa komai

In inji mai aiki ne, wannan shi ne farko. Ka kwafe abin da ke cikin PLC, ka yi bakap na allon a filash ko ta manhajar ProSave ta Siemens, ka rubuta kwanan wata a sunan fayil. Sai dai ka sani, bakap ɗin allon Siemens ba aikin da za ka buɗe ka gyara ba ne, hoto ne na mayarwa kawai in abu ya lalace. In kana so ka gyara shafi dole ka samu ainihin fayil ɗin aikin daga wanda ya haɗa injin, kuma nan ne ake shan wahala, don injinan da ake shigowa da su daga China ko Indiya ko Turkiyya sau tari an kulle su da faswod kuma ba a bar fayil ba. A Weintek ana iya zaro fayil daga allo a warware shi ya koma na gyara, matuƙar mai aikin bai hana ba. In ka ga ba fayil ba faswod, ka faɗa wa oga gaskiya tun yanzu cewa sabon zane ne daga tushe, aikin makonni ne ba na yini ɗaya ba.

3. Jerin tag a Excel

Mafi yawan sababbin shiga da sun buɗe manhaja sai zane, su jawo tanki mai sheƙi da bututu masu launi, sai an zo haɗawa da PLC a fara kame-kame. A'a. Excel za ka fara buɗewa. Kowane layi tag ɗaya, ginshiƙan kuma: suna, bayani, adireshi a PLC, nau'in data, ma'auni, ƙarami da babba, karantawa kawai ko har da rubutawa, yana da alam ko babu.

Suna kuma ka bi tsarin ISA-5.1 da yake kan zanen bututu, harafin farko abin da ake aunawa, na gaba aikin na'urar. LT mai auna matakin ruwa, PT na matsi, FT na gudun ruwa, TT na zafi. Tankinmu zai zama LT101, famfunan P101A da P101B. Daga nan kowane famfo yana da iyalansa: P101A_Cmd umarnin tashi, P101A_Run shaidar cewa ya tashi ɗin da gaske, P101A_Trip, P101A_Auto, P101A_Hrs na awannin aiki. Na B ma haka sak, harafi ɗaya ne bambancinsu. Amfanin wannan sai nan gaba za ka gani, lokacin da za ka kwafi shafi ka ce manhaja ta canza A zuwa B gaba ɗaya.

Kar ka sa sarari ko alamomi a cikin suna, kar ka bar Tag_1, Tag_2 da manhaja take bayarwa da kanta, bayan wata shida kai da ka rubuta ma ba za ka san mene ne Tag_47 ba. Kuma sunan da ke sikirin ya zama shi ne a rubuce a jikin famfon a fili da kan kontakta a cikin fanel. In sikirin ya ce P101A amma a fili an rubuta famfo na 2 da fenti, wata rana mai gyara zai kashe wanda ba shi ba.

Gargaɗi babba a nan: Cmd da Run ba abu ɗaya ba ne, kar ka taɓa sa hoton famfo ya nuna yana aiki don kawai PLC ta ba da umarni. Run ya fito daga ƙaramin kontak na kontakta ko daga VFD, wato na'urar da take sarrafa gudun motar famfo, in da hali ma a tabbatar da gudun ruwa. A tashar nukiliyar Three Mile Island a Amurka a 1979, fitilar da ke gaban ma'aikata tana nuna an aika wa bawul umarnin rufewa, su kuma suka ɗauka ya rufe, alhali a buɗe ya maƙale ruwa na ta fita. Irin wannan kuskuren har yau ana yin sa a ƙananan fanel.

4. Haɗa allo da PLC

Ka ba kowace na'ura adireshin IP nata a layi ɗaya, misali PLC 192.168.0.1, allo 192.168.0.2, laptop ɗinka 192.168.0.10, sannan ka yi ping, wato gwajin ko suna amsa juna, ka gani kafin ka zargi wani abu. In Siemens da Siemens ne a aiki ɗaya cikin TIA, jawo tag kawai za ka yi daga PLC ka ajiye a shafi, haɗin ya ƙirƙiri kansa.

In allon wani kamfani ne yake magana da S7-1200 ta adireshi irin DB1.DBW0, abu biyu ne suke hana mutane barci: sai ka cire alamar Optimized block access a kan DB ɗin, wato ma'ajiyar data ta cikin PLC, sannan ka shiga Protection a saitin CPU ka ba da izinin PUT/GET. Ka manta ɗaya, allo ba zai ga komai ba kuma ba zai gaya maka dalili ba.

Modbus kuma, wata hanyar sadarwa tsakanin na'urori, nasa halin daban. In a kan wayar RS-485 ne, gudun layi da parity da stop bit dole su zama iri ɗaya a kowane ɓangare, kowane na'ura da lambarsa, a ƙarshen dogon layi a sa resista 120 ohm, in shiru ka juya wayoyin A da B don kamfanoni ba su yarda da juna ba a kan wanne ne wanne. Modbus TCP, na kan Ethernet, yana kan port 502. Sai matsalar ɗaya-ɗaya: littafin na'ura zai ce 40001, wata manhaja tana kiran wannan rajistar 0, wata tana kiranta 1, sai ka ga kana karanta maƙwabciyar rajistar da kake so. Lamba mai ɗigo kuma rajista biyu take ci, in ka ga matsin ruwa ya fito da wata mahaukaciyar lamba mai sifili barkatai ko kuma ya tsaya kusa da sifili, to kalmomin biyu ne a juye, ka nemi saitin word swap. Dabarar ita ce ka fara da tag ɗaya wanda ka san amsarsa, misali lambar da VFD yake nunawa wadda kake gani da idonka a jikinsa, in ya yi daidai sai ka shigo da sauran.

5. Sikelin ɗin analog

Sensarmu tana ba da 4mA in tanki ba komai, 20mA in ya kai mita 5. Katin analog na Siemens da ke karɓar siginal ɗin yana mayar da wannan 0 zuwa 27648 in an saita shi a 4-20mA, kenan 12mA zai ba ka 13824, wato mita 2.5. A PLC za ka yi lissafin mayar da lambar zuwa mita, wato sikelin, da umarnin NORM_X da SCALE_X, allo ya karɓi amsa a shirye. Ni ra'ayina kar a yi sikelin a allo ko da manhajar ta yarda, domin PLC ce take yanke hukuncin kashe famfo, in lissafi yana wuri biyu wata rana za a gyara ɗaya a bar ɗaya.

Hattara: in katin yana kan 0-20mA amma sensa 4-20mA ce, tanki ba ruwa zai nuna 5530, wato kashi 20 cikin ɗari, ofareta yana ganin akwai ruwa famfo kuma yana jan iska har ya ƙone. Sannan analog ɗin da ke jikin CPU na S7-1200 na 0-10V ne, ba ya karɓar miliamfa kai tsaye.

Ka kuma yi wa sensa tag na lafiya. Siginal ƙasa da 3.6mA ko sama da 21mA, bisa ƙa'idar NAMUR NE43, alamar waya ta tsinke ko sensa ta mutu ce. A irin wannan hali sikirin ya rubuta SENSA TA LALACE a wajen, kar ya nuna 0.0 kamar lamba ce ta gaskiya.

6. Tsara shafuka kafin zane

A takarda tukuna. Ƙa'idar ISA-101 ta 2015 ta kawo tsarin hawa huɗu: shafin farko na ganin komai a dunƙule, na biyu na kowane sashe inda ake yawan aiki, na uku na bayanin na'ura ɗaya-ɗaya, na huɗu na bincike da saiti. A ƙaramin aiki irin namu shafi biyar ko shida sun isa. Yi templet ɗaya, sama sunan shafi da agogo da layin alam na ƙarshe, ƙasa maɓallan zirga-zirga, kuma kowane maɓalli ya zauna a wuri ɗaya a duk shafuka. Daga ko ina mutum yake, taɓawa biyu ko uku ta kai shi inda yake so.

7. Zanen kansa

Nan ne za mu yi faɗa da wasu ogogi. Suna son sikirin mai walƙiya, bango shuɗi, tanki kamar na gaske, fanka tana juyawa, tambarin kamfani ya cinye kwata na allo, don in baƙi sun zo a nuna musu. Amma allon ba na baƙi ba ne, na yaron da yake dutin dare ne ƙarfe uku, ido ya yi nauyi, ana so ya ɗaga kai daƙiƙa biyu ya gane lafiya ko ba lafiya. In komai na sikirin yana da launi to ja ba ya da wata daraja, kamar kasuwar Kwari ce ana gab da Sallah, kowa na ihu ba ka jin kowa.

Saboda haka bango toka-toka mai haske, bututu da tanki layi ne siriri mai duhu, launi mai ƙarfi a ajiye shi don matsala kawai: ja na gaggawa, rawaya na gargaɗi. Famfo mai aiki ya zama fari ko a cike, wanda yake tsaye ya zama toka mai duhu, kuma a rubuta a gefensa YANA AIKI ko A TSAYE. In kamfaninku sun saba da kore da ja ba sai ka tayar da rigima ba, amma ka ƙara rubutu ko siffa, akwai maza da dama da ba sa bambance ja da kore kuma ba za su faɗa maka ba.

Lamba tsirara ba ta isa ba. 3.2 kawai ba ta gaya wa sabon ma'aikaci komai, ka sa ma'auninta, mita, ka sa sanda a gefe mai nuna inda ya kamata ruwa ya tsaya da inda alam zai tashi, in da wuri ka sa ɗan jadawalin awa ɗaya da ta wuce don a ga hawa yake ko sauka. Lamba ɗaya bayan ɗigo ta isa ga matakin ruwa, uku rawa kawai za su yi ta yi. Maɓalli ya yi girman da yatsa mai safar hannu zai taɓa ba tare da ya haɗa da na kusa ba, allon inci 7 pixel 800 da 480 ne kawai, kar ka cusa masa komai.

Famfo ɗaya za ka zana da kyau, ka mayar da shi abin kwafi, a allunan da suke da faceplate, wato zane ɗaya da ake ta maimaitawa, ka yi amfani da shi, a Basic kuma ka haɗa shi rukuni ka ajiye a library. Bayan ka kwafa ka bi kowane abu ka duba tag ɗinsa, har da na launi da na ɓoyewa, don kuskuren da ya fi yawa a duk aikin nan shi ne hoton famfon B da maɓallin da har yanzu yake tayar da A.

Game da harshe, allunan nan suna ɗaukar harshe fiye da ɗaya, kuma ba laifi ba ne ka sa saƙonnin alam da Hausa in ita ma'aikatan suka fi ganewa. Sai dai ka gwada ƙ da ɗ da ɓ a kan allon kansa, wani font ɗin akwati zai nuna maka a madadinsu.

8. Maɓalli da wuraren shigar da lamba

Maɓallin tashi ya kunna bit kawai, wato tag mai 0 ko 1, PLC ce za ta kashe shi bayan ta karɓa. Irin wanda yake kunne muddin yatsa na kai yana iya maƙalewa in sadarwa ta yanke kafin a ɗaga yatsa. Duk wajen shigar da lamba ka sa masa iyaka sama da ƙasa, a allo da kuma cikin PLC, in ba haka ba wani zai rubuta 50 a maimakon 5.0. Abu mai haɗari ya tambayi ka tabbata? kafin ya aikata. Saiti masu muhimmanci a sa musu faswod hawa-hawa, ofareta daban, sufabaiza daban, injiniya daban, kuma ya fita da kansa bayan ƴan mintuna.

Gargaɗi: maɓallin tsayar da gaggawa ba ya zama a sikirin, har abada. Jan maɓalli ne na gaske mai wayarsa zuwa rilen tsaro. Sikirin zai iya nuna an danna shi, shi ke nan aikinsa.

Kuma tunda wutarmu sai a hankali, ana sauyawa daga layin KEDCO zuwa jen sau da yawa a yini, duk lambobin saiti (setpoint) da awannin aiki ka sa su retain a PLC, wato ta riƙe su ko ba wuta, in ba haka ba kowane ɗauke wuta zai mayar da su lambarsu ta farko.

9. Alam

Ba kowane abu ne alam ba. Ƙa'idar ISA-18.2 mai sauƙi ce: in ba abin da ofareta zai yi a kai, to ba alam ba ne, a tura shi cikin tarihi. Jagorar alam ta EEMUA 191 ta ce a lokacin aiki lafiya kar ya wuce kamar alam ɗaya a minti goma, fiye da goma a minti goma kuma ambaliya ce. A matatar mai ta Milford Haven a Birtaniya a 1994, ma'aikata biyu sun fuskanci alam 275 a minti 11 na ƙarshe kafin fashewar. Matsayi uku ya isa, mafi yawa su zama na ƙasa, ƴan kaɗan ne na gaggawa.

Rubutun ya faɗi abu da wuri, P101A obalod ya faɗi, duba MCC (fanel ɗin motoci), ba Fault 12 ba. Ka sa jinkirin ƴan daƙiƙu da tazara tsakanin tashi da sauka, misali ya tashi a mita 4.5 ya sauka a 4.3, in ba haka ba ruwa na kaɗawa alam na ta ƙara har a gaji a cire wayar jiniyar.

Masu Siemens ku kula: alam a WinCC yana hawa kan tag na Word, wato mai bit 16, kuma bytes ɗin a juye suke, bit 0 na MW10 shi ne M11.0 ba M10.0 ba. In ka ga alam na 9 yana fitowa a maimakon na 1, dalilin kenan. Agogo ma a saita shi, mu UTC+1 muke kuma ba ma canza lokaci da rani ko damina, ka cire alamar daylight saving, sannan allo ya riƙa ɗaukar lokaci daga PLC don tarihin alam ya yi ma'ana.

10. Gwaji da lodawa

Fara da simileshan a laptop, sannan a fili mutum biyu, ɗaya a gaban allo da jerin Excel, ɗaya a wajen na'ura da waya a kunne. Kowane tag a gwada shi a yi masa alama. Analog a ba shi 4, 12 da 20mA a ga 0, 2.5 da 5.0. Ka zare kebul ɗin sadarwa da gangan ka ga me allo zai yi: WinCC yana nuna ##### amma hotuna suna iya daskarewa a yadda suke, don haka ka sa bit mai bugawa duk daƙiƙa daga PLC, in ya tsaya babban saƙo ya fito cewa sadarwa ta yanke. Ka kashe wuta ka kunna ka ga ko saiti sun dawo.

Lodawa a yi ta lokacin da aka tsayar da injinan, da sanin sufabaiza, kuma duk famfon da za a gwada a tabbatar ba mai hannu a cikinsa. In manhaja ta ce za ta sabunta OS na allon, kar ka yarda sai allon da laptop suna kan UPS, wuta ta ɗauke a tsakiya allon zai iya ƙin tashi sai an yi masa reset na masana'anta. In ka yi force na wani tag, wato ka tilasta masa wata lamba, lokacin gwaji ka cire shi kafin ka tafi.

11. Miƙa aiki

Ka zaunar da masu kowane duti su taɓa da hannunsu kana kallo ba ka magana, inda suka tsaya suna neman maɓalli nan ne za ka gyara. Bayan sati ka dawo ka buɗe tarihin alam, guda biyar da suka fi yawan fitowa ka bi su ɗaya-ɗaya. Sannan ka yi archive na aikin gaba ɗaya, sunan fayil da kwanan wata da bashan ɗin manhaja, kwafi ɗaya a filash cikin leda a ƙofar fanel saboda ƙurar hunturu, ɗaya wajen manaja tare da faswod a ambulan, jerin tag na Excel da aka sabunta ma a buga shi a saka a fayil ɗin fanel.